Tsirkiya Mai Ƙarko

Shekarun baya, lokacin ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, aka dawo mana da yayana daga Kano tun rani bai yi nisa ba. Kun saba da ni ina rubutu a kan hadari da tsuntsaye da kewar garinmu. Yau ku yi mini haƙuri, wannan ba irinsu ba ne.

Kamar yawancin mazan unguwarmu a Matameye, da zarar an ɗaure gero an zuba a rumbu yayana yake shiga Najeriya, ba ya dawowa sai gabas ta fara duhu. A wani wurin yanka katako yake aiki. A can ya sayi wata tsohuwar jita a hannun wani mai barin gari, tun daga nan kuma ba su rabu ba. Shi ba makaɗin biki ba ne. Idan ya dawo daga gona ya yi wanka, sai ya zauna a bakin zaure ya kaɗa a hankali, ba waƙa, har mai tallar fura takan tsaya da ƙwarya a ka ta manta inda za ta.

Mahaifiyata takan leƙo ta ce, "Kai da wannan katakon naka! Matar da za ka aura ma ban ga alamar za ta samu rabin wannan tarairayar ba."

Gaskiya ta faɗa. Ban taɓa ganin mutum yana kula da wani abu kamar yadda yake kula da wuyan jitar nan ba. Duk sanda zai sauya tsirkiya, sai ya kwance tsofaffin, ya naɗa tsumma a yatsa ya bi baƙin allon da ke kan wuyan, gida-gida, tsakanin 'yan ƙarafan da aka jera, yana fitar da dauɗar gumi. Sannan ya ɗiga man keken ɗinki a tsumman, ɗigo kaɗan, ya shafa, ya bari allon ya sha, ya goge saura. Wata rana mahaifiyata ta miƙo masa man gyaɗa don ta taimaka, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Inna, so kike tururuwa su cinye ta, ko kuwa soya ta za mu yi?" Da bazara kuwa ba ya rataye ta a bango. Kusa da randa yake jingine ta, ya ce katako ma yana jin ƙishi, idan ya bushe sai ya tsage.

Ni kuma ina gefe da littafina a cinya, wai ina karatu. A raina na ɗauka ni ce mai fahimtar kiɗansa a gidan, tun da ni ce mai rubuta waƙoƙi a bayan littafin lissafi. Shi ko a jikinsa. Auta yake ce mini, idan kuma yana son tsokana ya ce Malama.

A ranin da nake ba ku labari, injin katako ya cinye masa kan yatsu biyu na hannun hagu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Manuniya da na tsakiya suka tsira, amma suka sandare, ba sa lanƙwasuwa sai da ƙyar. Ga wanda bai sani ba, hagu shi ne hannun da ke danne tsirkiya a kan allo. Dama bugawa kawai take yi.

Ya dawo da hannu a naɗe, ya shiga ɗakinsa, ya zama kamar baƙo a gidan. Mutane suna ta zuwa jaje, suna cewa a gode wa Allah da abin ya tsaya a yatsu, shi ma yana amsawa da Alhamdulillahi. Da sun fita sai ya juya fuska bango. Abinci sai mahaifiyata ta tsaya a kansa. Ban taɓa jin ya ambaci jitar ba, mu ma ba wanda ya ambata.

A Kano aka baro ta, rataye a ɗakin kwano da suke kwana shi da abokan aikinsa, da tsirkiyoyinta a ɗaure tamau. Sai da bazara ta kama sosai wani ɗan unguwarmu ya taho da ita a cikin buhu. Na zaro ta na duba. Allon ya yi fari-fari don bushewa, bakin ƙarafan ya fito yana kartar hannu, wuyan kuma ya ɗan ranƙwafo gaba, har tsirkiyoyin suka yi nisa da allon. Jakin ma, wato ɗan katakon nan da ke manne a cikinta wanda tsirkiyoyin suke ɗaure a jikinsa, ya fara ɗagowa ta baya kaɗan.

Ban kai masa ba. Na sassauta kunnuwanta, wato abubuwan da ake murɗawa a ja tsirkiya, kamar yadda na ga yana yi, na ari man keken maƙwabciyarmu, na bi allon gida-gida, na jingine ta kusa da randa. Kullum na dawo daga lise sai na duba ta kamar mai jinya. A hankali baƙin ya dawo mata. Ina shafawa ina yi mata magana ƙasa-ƙasa, ina ce mata ta daure. Yanzu idan na tuna sai in ji kunya, budurwa ɗungurungum tana lallashin katako.

Wata rana da la'asar ya fito alwala ya gan ta. Ya daɗe a tsaye da buta a hannu.

"Wa ya shafa mata mai?"

"Ni ce, Yaya."

Ya ɗauke ta ya juya, ya kai ido daidai wuyan ya hango shi daga sama zuwa ƙasa. "Kin cika mata a gida na farko," in ji shi. Wannan ce doguwar maganar da ya fara yi mini tun dawowarsa, na kuwa ji daɗinta kamar yabo.

Bayan sallah ya zauna ya ja tsirkiyoyin, ya gwada. Ba zan manta sautin ba. Yana dannawa, tsirkiyar ba ta kai allo, sai wani ƙugi marar daɗi kamar ƙuda a cikin gwangwani. Ya ƙara ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya feso masa. Ya sake, ya sake. Daga baya ya sassauta kunnuwan da kansa ya miƙo mini ita.

Na ce, "Yaya, na duba a salula. An ce tsirkiya iri-iri ce. Akwai masu kauri, akwai sirara ƙwarai, waɗanda ko yaro zai iya dannewa. An ce kuma sirara ba sa jan wuya sosai, har ma yana iya komawa daidai."

"Na sani, Malama."

"To me zai hana?"

Ya dubi hannunsa. Ya motsa yatsu biyun da suka rage masa na danne tsirkiya, a hankali, kamar yana tambayarsu. "Da za a samu mafi sirara duka," in ji shi, "wataƙila. Da yatsu biyu ma ana kiɗa, na taɓa ganin mai yi. Amma a garin nan wayar birkin keke kawai za ki samu. Sai Damagaram."

A daren ranar ya cinye tuwonsa. Mahaifiyata ta dubi kwanon, ta dube ni. Daga nan na san cewa ba jita nake jinya ba. Idan ya iya kiɗa, zai dawo mana. Idan bai iya ba, ban san inda za mu same shi ba.

Ni ba za a bar ni in tafi Damagaram ni kaɗai ba, ga jarrabawa a gabana. Amma kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban taksi ne, kullum yana kan hanyar. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin zuciya, mai magana kamar yana kiran fasinja ko da a ɗaki yake. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uban gidanmu, duk da ba a cikinsa yake ba. Ranar da aka dawo da yayana, a bayan zaure na gan shi yana share hawaye da hularsa.

Na same shi a tasha da safe, ana ta ɗaura buhuna da akuya a saman motarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa saƙon.

"Kawu, tsirkiyar jita. Amma mafi sirara za ka ce a ba ka. Sirara ƙwarai."

"Sirara. Na ji. Kai yaro, ja igiyar nan da kyau, akuya ce ba katifa ba! Ke kuma mene ne wannan kike miƙo mini? Mayar da kuɗinki, kada in saɓa miki. Ɗan yayata zan sayo wa abu ki ba ni kuɗi?"

"Kawu, don Allah sirara."

"Na ce na ji! Kurma ne ni?"

Washegari da hantsi sai ga shi ya shigo da sallamarsa mai girgiza gida. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka kawo ruwa. Ya sa aka kira yayana. Sannan ya zaro wata 'yar takardar leda daga aljihun gaba, ya ajiye a tabarma da irin alfaharin mai kawo kayan sallah.

"Sai da na zaga kasuwa kafin na samu mai sayarwa," in ji shi. "Na ce masa sirara. Ya fito mini da wasu abubuwa kamar gashin jariri. Na ce, wannan fa? Ya ce su ne. Na ce, ba sa tsinkewa? Ya ce, to, sukan tsinke. Na ce, kai malam, daga Matameye na taho, idan ta tsinke gobe sai in sake ƙona mai in dawo? Fito mini da mai ƙarko, wadda babu sama da ita a kantin nan. Ɗana ya sha wahala, ba zan kai masa zare ba. Duba nan, Yaya, taɓa ki ji. Wannan ko mota ta maƙale za ta ja ta."

Mahaifiyata ta taɓa, ta ce, "Ma sha Allah. Allah ya saka da alheri, Allah ya tsare hanya."

Ni kuwa tun daga nesa na ga kaurinsu. Sun fi ma waɗanda ke jikin jitar. Na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Kawu, ai saboda hannunsa ne na ce sirara. Waɗannan ba zai iya..."

"Ke!" in ji mahaifiyata, ba da ƙarfi ba. Ido kawai ta zuba mini.

Kawuna ya yi dariya, ba tare da ɓacin rai ba. "Bar ta, Yaya. Kunya ce, ba ta son ta sa ni kashe kuɗi, shi ya sa ta zaɓi mai arha. Na gane ta tun a tasha. 'Yar lakwal, bokon ne ya sa ba ki san namiji ba? Hannun da ya riƙe hauya tun yana ƙarami waya ce za ta gagare shi? Ko ba haka ba, ɗana?"

Duk muka dubi yayana. Shi kaɗai zai iya cewa a'a, domin ya fi kowa sanin abin. Amma cewa a'a yana nufin ya ɗaga hannun nan a gaban kawunsa ya ce ya gaza, ya kuma mayar wa mutum kyautar da ya zaga kasuwa a rana ya nemo. A gidanmu ba a yin ko ɗaya daga cikin biyun.

"Haka ne, Kawu," in ji shi. "Na gode. Allah ya ƙara girma."

"To ɗaura mu ji! Na bar mota a layi, amma ba zan tashi ba sai na ji kiɗan ɗana."

Na ɗauko jitar. Ya kwance tsofaffin, ya karɓi tsumma a hannuna ya goge allon, ko da yake babu abin gogewa. Ni na riƙe masa bakin kowace tsirkiya yana zurawa, domin yatsunsa ba sa kama ƙaramin abu. Sannan ya fara murɗa kunnuwan. Duk murɗawa ɗaya ina jin katakon yana ƙara, wani ƙas-ƙas siriri daga cikin cikinta. Ina kallon wuyan yana ranƙwafowa, ina kallon jakin. Shi ma yana kallo. Bai tsaya ba har sai da kowace ta kai muryarta.

Ya buga su a sake, ba dannawa. Sauti ya fito mai kauri, mai zurfi, ya cika tsakar gida. Kawuna ya tafa hannu. "Ka ji! Ka ji murya! Zaren nan zai yi wannan?"

Sai yayana ya ɗora hannun hagu. Ya zaɓi wani ɗan kiɗa mai sauƙi da yake yi wa yara, ya bi shi da yatsa ɗaya, yana taimaka masa da na biyu a kai don ya samu ƙarfi. Rabin sautin ya fito, rabi ya mutu. Wajen sauya gida dungulmin yatsansa ya goga a kan waya, tabon da bai gama ƙwari ba ya buɗe. Na ga jinin a kan allon da na shafa wa mai. Ya juya wuyan jitar ya kare da jikinsa, ya ƙarasa kiɗan.

"Kaɗan-kaɗan," in ji kawuna yana miƙewa, fuskarsa cike da murna. "Kafin a yi shuka za ka koma kamar da. Yaya, kin ga ɗanki ya warke."

Bayan an raka shi, na matso da sauri na kai hannu kan kunnuwan.

"Yaya, mu sassauta. Jakin nan ba zai ɗauka ba. Mu mayar da tsofaffin, in na gama jarrabawa ni da kaina zan je in nemo."

Ya riƙe hannuna. "Bar ta."

"Ai kai ka ce mini..."

"Na ce ki bar ta, Auta."

Ya shiga da ita ɗakinsa. Bai jingine ta kusa da randa ba. A ƙusa ya rataye ta, a bangon yamma, wanda rana ke gasawa tun daga azahar. Na roƙe shi washegari, na sake roƙonsa, har ya daina amsa mini. Na gaya wa mahaifiyata, ta ce in bar shi da kayansa, kada in ƙara masa zafi.

Ba a daɗe ba. Wata rana da tsakar rana, zafi ya kwantar da kowa a ƙarƙashin rumfa, ko kaji sun yi shiru, sai muka ji ƙara daga ɗakinsa kamar an harba bindiga, da wani dogon amo a bayanta. Na riga kowa shiga. Jakin ya fizge, ya tafi da wani yanki na fuskar jitar, yana lilo a ƙarshen tsirkiyoyin. Tsaga ta bi cikin har ƙasa. Shi kuma yana zaune a bakin gado, yana kallo, babu mamaki ko kaɗan a fuskarsa.

Abin da ya ce kawai shi ne, "Kada wanda ya gaya wa Kawu."

Ba a gaya masa ba. Har ya bar duniya, duk sanda ya shigo gidan sai ya tambaya, "Ina tsirkiyata? Ta tsinke?" Yayana ya ce, "Ko ɗaya ba ta tsinke ba, Kawu." Shi kuma ya juyo gare ni ya ce, "Kin ji ko, 'yar lakwal?"

Yayana bai sake riƙe jita ba. Ya warke a hankali, ta wata hanyar da ba ita na so masa ba. Ya yi noma a daminar da hannu ɗaya da rabi, da rani ya koma Kano ya samu aikin gadi. Yanzu yana da mata da 'ya'ya, yana dariya, yana tsokanata. Idan an sa kiɗan jita a rediyo ba ya kashewa, tashi kawai yake yi ya ce zai duba awaki.

Na daɗe ina jin haushin kawuna a ɓoye, haushin da ba shi da wurin zama, domin ban taɓa ganin mai son mu kamarsa ba. Daga baya na mayar da haushin kan kunyarmu, wadda ke sa a karɓi abin da zai cutar a yi godiya. Na rubuta waƙoƙi da yawa a kan haka lokacin ina jami'a a Damagaram, marasa kyau, Allah ya sa sun ɓata. A shekarun nan nakan wuce ta gaban kantin da ake sayar da tsirkiya, ban taɓa shiga ba.

Sai bara, da na je gida hutu, muna zaune da shi muna ɓarar gyaɗa, na samu ƙarfin tambayarsa. Na ce na gane dalilin da ya sa ya ɗaura su a gaban Kawu. Abin da ban gane ba shi ne me ya hana shi sassautawa bayan Kawu ya tafi, alhali shi ya koya mini.

Ya ci gaba da ɓara da hannun dama, yana danne ƙwanson da gefen hagu. Na ɗauka ba zai amsa ba.

"Da na sassauta, da kin je kin nemo sirara," in ji shi. "Na san ki, sai kin nemo. Da na ɗaura su na gwada. To in su ma suka ƙi fa? Wa zan ce ya hana ni?"

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna.

"Yanzu dai jita ce ta fashe," in ji shi. "Miƙo mini kwanon nan."

Na miƙa masa. Har yau ban san ko da zai iya ba, shi ma bai sani ba, kuma na fahimci cewa rashin sanin shi ne abin da ya zaɓa ya riƙe. A da ina ganin duk mai ciwo yana son a nemo masa magani, aikin mai ƙaunarsa kuma shi ne ya ruga ya nemo. Yanzu idan wani nawa ya ce mini in bar shi, nakan ɗan tsaya in dubi abin da yake tsoron gwadawa kafin in miƙe. Ba koyaushe nake barin ba. Amma ranar, a bakin tabarmar, na bar shi, muka ƙarasa ɓarar gyaɗarmu.